Abin da ake hangowa daga kan Dala

Ranar Takutaha, wato mako guda bayan Mauludi, ita ce ranar da Dutsen Dala yake cika ya batse. Tun da hantsi yara da samari da 'yan mata suke ɗungumowa daga Gwammaja da Yalwa da Madigawa da Ƙofar Mazugal, wasu ma tun daga Kurna da Rijiyar Lemo, kowa cikin sabon ɗinki. A hau, a huta, a sauko, a sayi rake da alewa a gindin dutse, a koma gida da ƙura har gwiwa. A da babu wanda yake kiran wannan yawon buɗe ido, balle a ce motsa jiki. Al'ada ce da Kanawa suka taras iyayensu suna yi, su ma suka ɗora.

Dala ba wani dogon dutse ba ne. Masu awo sun ce ƙololuwarsa tana kan mita 534 daga doron teku, amma shi kansa birnin a kan tudu yake zaune, saboda haka abin da mai hawa zai taka 'yan gomomin mitoci ne kawai, ga kuma matakala ta siminti da take kai mutum har sama. Wanda ya san Kufena a Zariya, ko Kwatarkwashi a Zamfara, ko duwatsun Shere a Jos, zai ce wannan ai tsauni ne na yara. Sai dai ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ba abin da yake tare ido, shi ya sa wannan ɗan tsawo ya ishe ka ka ga birnin gaba ɗaya. Ga koren tulluwar Babban Masallaci da hasumiyoyinsa, ga itatuwan Gidan Rumfa, ga rumfunan kasuwar Kurmi a cunkushe. Ka juya yamma ga Gwauron Dutse da tankin ruwansa. Ka dubi arewa, idan ka yi sa'a, ka ga jirgi yana sauka a filin Malam Aminu Kano, can bayansa kuma duwatsun Fanisau inda sarki yake hawa bayan Sallah.

Wanda ya koya mini kallon Kano daga kan Dala kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, a farkon shekarun 1980. Ma'aikaci ne a wata masaƙa da ke Bompai, kuma ba ya jiran Takutaha. Duk Lahadin da ba shi da aiki, musamman da damina bayan ruwa ya wanke sararin sama, yakan jingine kekensa a shagon wani tela a gindin dutsen, ya tasa mu gaba. Sauran manya in sun hau sai su nuna wa yara gidan sarki da masallaci. Shi kuwa gabas yake fara nunawa.

"Kun ga wancan hayaƙin?" in ji shi. "Bompai ke nan. Can nake samo abin da kuke ci in kun zo gidana."

"Kawu, wancan na kudu fa?"

"Sharaɗa. Wanda ke bayansa can nesa, da ƙyar kuke ganinsa, Challawa ne, hanyar Panshekara. In kun yi karatu ku za ku zama manajoji a can."

Ko ranar Lahadi hayaƙin ba ya yankewa, domin manyan masaƙu ba sa kashe inji, rukuni uku ake yi, na safe da na yamma da na dare. A idon yaro, iyakar birnin ta gabas da ta kudu hayaƙi ne ya shata ta. Ganuwa tana kewaye da tsohon gari, bututan masana'antu kuma suna tsaye a bayanta.

Sai da na girma na gane cewa dutsen da muke tsaye a kansa shi ne masana'antar Kano ta farko. Abin da ya jawo mutane gindin Dala tun asali tama ce, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Masu binciken tarihi ta hanyar tono sun samu ragowar murhun narka tama a wurin, kuma awon da aka yi ya nuna ana wannan aiki tun ƙarni na 7 na Miladiyya. Labarin baka ma bai saɓa ba: maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama da gawayi, suka samu, suka zauna, kuma har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Kafin a yi sarki, kafin a yi ganuwa, kafin a yi kasuwa, akwai mai zuga da mai dukan ƙarfe. Fartanya da gatari da mashi su ne suka tara jama'a, jama'a suka jawo sarauta.

Littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya fi mai da hankali ga tsafi da mulki. Shi ya ba mu labarin Barbushe, daga zuriyar Dala, ƙaton maharbin da yake zaune a kan dutsen, ba ya saukowa sai lokacin bautar gunkin Tsumburbura, jama'a su taru da baƙaƙen awaki da kaji suna jiran abin da zai faɗa musu game da shekara. Shi ya kawo zuwan Bagauda wajen shekarar 999, da fara ganuwa a zamanin Gijimasu, da isowar Wangarawa da Musulunci a zamanin Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Wannan ɓangare shi kowane yaro a unguwar Dala zai karanto maka in ya ga baƙo. Ba laifi, tarihi ne, kuma Allah ya fitar da mu daga wancan duhu. Amma ina ganin mun cika riƙe labarin gunki mun saki labarin maƙera, alhali na maƙeran shi ne ya ci gaba da gudana a jinin garin.

Domin bayan ƙarfe sai saƙa da rini da jima suka biyo. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, ƙarshen zamanin Muhammadu Rumfa, wanda shi ne ya kafa kasuwar Kurmi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, shi ma Dala ya hau don ya ga garin, kuma hoton Kano daga kan Dala yana cikin littafin tafiye-tafiyensa. Abin da ya fi burge shi ba fada ba ne, tufafi ne: sawaye da turkudi da riguna da ake saƙawa a gidaje ana rinawa a karofi, ana kai su Timbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa takan ƙetare Sahara ta isa Turai, a can a sayar da ita da sunan fatar Maroko. Wato baƙon da ya hau Dala shekaru fiye da 170 da suka wuce, garin masu sana'a ya hango, garin da yake tufatar da rabin Afirka ta Yamma da hannunsa.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, daga nan gyaɗa ta karɓe ragamar arziki. Dalar gyaɗa da su Alhassan Ɗantata suka shahara da ita ta zama tambarin gari. Bompai, wadda take kusa da tashar jirgin ƙasa da unguwar Turawa, ita ta fara karɓar injuna a shekarun 1950: matatun man gyaɗa, majemun zamani, masu yin alewa da sabulu da turare da kwanuka. 'Yan Labanan suna cikin na farko-farko, daga baya attajiran gida suka shigo. Da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Bako ta zo da gine-gine, kuɗin man fetur ya shigo, dokar mayar da hannayen jari ga 'yan ƙasa ta 1972 ta buɗe wa 'yan kasuwar gida ƙofa. Bompai ta yi kaɗan, aka yanka Sharaɗa kashi-kashi har uku, aka yanka Challawa a bakin kogi. Alhaji Isiyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda. Kamfanin Raleigh yana haɗa kekuna a Bompai, kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yana niƙa a titin Mai Malari, a hanyar Zariya kuma ana haɗa manyan motocin Fiat. Daga baya masaƙar Gaskiya ta zo, ta zama abin kwatance. A wancan lokaci, in aka cire Legas, ba garin da ya kai Kano masana'antu a Nijeriya.

Abin da waɗannan sunaye ba sa nunawa shi ne yadda rayuwa take a ƙasa. Da asuba, bayan an idar da salla, titunan da suka nufi Bompai daga Birget da Gwagwarwa da Tudun Wada da Dakata sukan cika da kekuna, kowane da kwanon abinci ɗaure a kariya. Jiniya ta yi kuka, rukunin dare ya fito idanu jajur, na safe ya shiga. A bakin kowace ƙofar kamfani akwai mai shayi, da mai ƙosai, da mai faci, da mai wankin hula, da mai ba da kaya bashi sai ƙarshen wata. Albashin mutum ɗaya yakan ratsa hannu goma kafin ya kwana. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, leburori da yawa a lokacin suka fara mallakar rediyo da keke, wasu suka yi aure, wasu suka sayi fili a Kawaji ko Ja'en ko Sheka. Wani Ba'amurke mai bincike, Paul Lubeck, ya zauna da ma'aikatan Kano a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansu a 1986, kuma cikin abin da ya lura da shi har da cewa da yawansu almajirai ne da gardawa da suka zo birni neman karatu suka zarce kamfani. Kawu na cikin irinsu. Yakan ba mu labarin yadda suka sha fama da wani manaja kafin a yarda a riƙa ba su lokacin sallar Azahar da La'asar, suka kafe har aka ware musu wurin alwala. Ya fi alfahari da wannan a kan ƙarin albashi.

Wannan shi ne abin da na fi jin zafin rasawa. Kamfani ya kasance gada tsakanin allo da albashi. Yaron da ya taso a tsangaya, bai san boko ba, yana iya shiga a matsayin lebura, ya koyi inji, ya zama ofareta, ya zama shugaban rukuni, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Yau yaro irin wannan in ya sauke Alƙur'ani ya dubi birni, me ke jiransa? Turin baro, ko garuwa, ko Adaidaita Sahu ta haya da zai kai wa mai ita balas kullum ko an samu ko ba a samu ba.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba. Gyaɗa ce ta fara tafiya: farin 1973 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 suka karya nomanta, dalar gyaɗa ta ɓace, matatun mai suka rasa abin matsa. Sannan farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, kamfanonin da suke shigo da kayan gyara da sinadarai daga Turai suka fara tangal-tangal. A nan ne raunin ginin ya fito fili, kuma ya kamata a faɗi gaskiya: yawancin masana'antunmu haɗawa suke yi, ba ƙerawa ba. Injin na waje, kayan gyaransa na waje, rinin na waje, wani lokaci har zaren. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986 aka karya darajar naira, dalar Amurka da take ƙasa da naira 1 a 1985 ta koma wajen naira 4 a 1987. Duk mai sayo ƙusa daga waje sai da ya ji a jikinsa. Kamfanin haɗa motoci na hanyar Zariya bai daɗe ba ya tsaya.

Sai wuta. Masaƙa ba ta jure ɗauke wuta, domin in inji ya tsaya a tsakiyar aiki zare ya tsinke, rini ya ɓaci, a yi asarar dila guda. Da hukumar lantarki ta NEPA ta gaza, kowane kamfani ya koma samar wa kansa lantarki da janareto, yana sayen gas da baƙin mai da ake jigilarsu a tanka tun daga kudu. Mai kamfani a Kano yana nesa da tashar jiragen ruwa da fiye da kilomita 1,000, jirgin ƙasan da zai rage masa tsadar dako kuma ya mutu. Ya biya kuɗin mota a kawo masa kaya daga Legas, ya biya mai, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya gyara titin ƙofarsa, sannan a ce ya yi gogayya da wanda gwamnatin ƙasarsa ta ba shi wuta da ruwa da bashi mai sauƙi.

Wannan gogayya kuwa ta zo. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997. Ko a lokutan da aka sake hanawa, atamfa da shadda suna sauka a Kwatano, su bi ta Maraɗi, su shigo ta Jibiya da Maigatari da dare. Kasuwar Kantin Kwari, wadda a da take sayar da abin da Bompai da Sharaɗa da Kaduna suka saƙa, ta cika da kayan Sin, wani ma an kwaikwayi zanen namu an buga masa tambarin namu. Masaƙun Nijeriya da suka haura 100 a shekarun 1980 suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, Bagauda ta tafi, Gaskiya ta tafi. Ban ga laifin matar da ta sayi atamfa mai araha don ta yi wa 'ya'yanta kayan Sallah ba. Laifin yana wuyan waɗanda aka ba amanar iyaka da wuta da layin dogo, da kuma attajiran da suka ga shigo da kwantena ya fi saurin kawo riba a kan riƙe ma'aikata dubu, suka sauya sheƙa ba tare da waiwaye ba. Harin 20 ga Janairu 2012, wanda ya ci rayuka fiye da 180 kuma ya shafi hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, ya ƙara korar baƙin da suka rage.

Kamfanin su Kawu an rufe shi da sanarwa a jikin ƙofa. Sun yi shekaru suna zarya kan haƙƙinsu na sallama, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Ya koma gadi, daga baya ya buɗe ɗan teburin kayan masarufi a ƙofar gida. Tsaransa da yawa haka suka ƙare, mutanen da suka san inji ciki da waje, ilimin ya tafi kabari tare da su ba wanda ya gada.

Duk da haka ba zan yi wa hayaƙin nan kwalliyar da bai cancanta ba. Abin da muke gani daga sama yana da kyau, abin da yake gudana a ƙasa kuwa wari ne da guba. Ruwan da majemu da masaƙun Bompai suke zubarwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta, shi da na Challawa su faɗa kogin Challawa, kogin da tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ake tace ruwansa ana turo wa birni. Jimar zamani ba da bagaruwa ake yinta ba, da sinadarin kuromiyam ake yi, kuma masu bincike a Jami'ar Bayero sun sha auna shi a cikin ruwan nan da kayan lambun da ake ban ruwa da shi. Wanda ya taɓa wucewa ta bayan majemu da rana tsaka ba sai an ba shi labari ba. Mutanen ƙauyukan bakin kogi sun biya farashin arzikin da wasu suka ci. In masana'antu za su dawo, kuma ina roƙon Allah su dawo, kada su dawo da wannan hali.

Yau in ka hau Dala ka dubi gabas, babu hayaƙin da zai nuna maka Bompai. Sai ka san wurin tukuna ka gane shi. Wasu manyan ɗakunan injuna sun zama sito, ana jibge shinkafa da taliya da kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Wasu an yanka filinsu an yi gidaje da wuraren biki. Birnin kansa ya bazu har ido ba ya ganin ƙarshensa, rufin kwano ya maye gurbin soro, gadojin sama sun taso, eriyoyin waya sun fi hasumiyoyi yawa. Jakara da ta ratsa tsakiyar gari an rufe ta da titi. Kududdufan da suke sheƙi a tsakanin unguwanni, waɗanda daga cikinsu aka ɗebi ƙasar gina birnin kuma suke shanye ruwan sama, an cike yawancinsu an yi gini, shi ya sa ambaliya take shiga gidaje duk damina. Ganuwa kuma sai ka ƙura ido kafin ka ga guntayenta.

Amma wanda ya ce Sharaɗa da Challawa sun mutu bai shiga ba. Har yanzu majemu suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifen. Kamfanonin roba suna buga silifa da bokiti da tabarma da ake lodinsu zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Akwai masu lemon kwalba da biskit da sabulu, akwai Dala Foods da garin kunun tsamiyarsa, akwai Gongoni da turaren Bint el Sudan, ga injinan casar shinkafa da suka yawaita bayan rufe iyakoki a 2019. A watan Janairu 2023 an buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 10 a Challawa, da tashar sauke kaya ta kan tudu a Zawaciki, wadda ita ma sunan Dala aka sa mata. An ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Sai dai a watan Afrilu 2024 kuɗin wuta na rukunin Band A ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni, bayan cire tallafin fetur a 2023 da faɗuwar naira. Waɗanda suka rage suna aiki a wannan yanayi jarumai ne, kuma sun cancanci a tsaya musu.

Masu hawa dutsen ma sun sauya. Yanzu da sassafe ranar Asabar za ka ga matasa cikin kayan motsa jiki suna hawa da gudu suna saukowa, wani likita ne ya ce masa ya rage teɓa saboda hawan jini ko ciwon suga. Za ka ga ɗalibai da malaminsu, da 'yan mata masu ɗaukar hoto su ɗora a Instagram, da masu haɗa bidiyon TikTok, da baƙi daga Abuja da suka saba hawan duwatsun can a ƙungiyance. Ina murna da su. Garin da motoci da Adaidaita Sahu suka cinye titunansa, filayen wasansa suka zama shaguna, yana bukatar wurin da mutum zai yi gumi ya shaƙi iska. Kuma duk wanda ya ɗora hoton Dala a waya ya tuna wa wani cewa dutsen yana nan. Abin da yake damuna shi ne yawancinsu suna hawa suna sauka ba wanda ya nuna musu komai. Babu allo ko ɗaya mai gamsarwa da zai ce musu nan aka narka ƙarfe shekaru 1,300 da suka wuce, can ne Madabo inda Wangarawa suka zauna, can ne gidan Mambayya na Malam Aminu Kano, can kuma kakanninku suka saƙa atamfar da iyayenku mata suka yi aure da ita.

Halin da dutsen yake ciki kuwa abin kunya ne a gare mu. Gidaje sun hau jikinsa ta kowane ɓangare. Zaizayar ƙasa tana cin gefensa duk shekara, domin jan marmara ne, ba ƙaton dutse mai tauri ba. Leda da shara sun cika kwazazzabansa, wasu sun mai da lungunansa makewayi, kuma akwai lokutan da magidanci ba zai so ya kai iyalinsa ba saboda masu shaye-shaye. Waɗannan samarin ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu 'ya'ya ne da jikokin mutanen da jiniya take tasa da asuba, sun taso sun tarar babu jiniyar. Sakacin da ya bar injuna suka yi tsatsa shi ne ya bar dutsen yana zagwanyewa, kuma zaman banzan da rufe kamfani ya haifar shi ne yake kwana a kan dutsen.

Tun 2007 Dala yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO, tare da ganuwa da Kurmi da gidan sarki, ana neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Har yau a jerin jira suke. Mutanen Abeokuta sun gyara dutsensu na Olumo, sun yi masa ƙofa da masu jagora har da na'urar hawa, suna karɓar kuɗin shiga, ɗalibai daga ko'ina suna zuwa. Dala ba ya bukatar na'urar hawa. Yana bukatar a shata iyakarsa a hana ƙarin gini, a tare zaizaya, a gyara matakala a sa mata abin dafawa saboda tsofaffi, a yi banɗaki a ƙasa, a sa fitila da masu gadi, a ɗauki samarin unguwar a koya musu tarihin su zama masu jagora da albashi. Wannan bai kai kuɗin gadar sama guda ba. Ƙaramar Hukumar Dala da hukumar tarihi da al'adu ta jiha da masarauta za su iya, kuma ina ganin masu kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa su ne suka fi cancanta su sa hannu, tunda sana'ar da suke ci da ita a gindin wannan dutse ta fara.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Tsofaffin ma'aikatan masaƙu da majemu suna nan da ransu a Dakata da Gwagwarwa da Panshekara, shekaru suna tafiya da su. Malaman makaranta, in za ku kai ɗalibai Dala, ku nemi ɗaya daga cikinsu ku tafi da shi, ku riƙe masa hannu a matakala, ya tsaya a sama ya nuna wa yaran inda ya yi aiki da abin da yake ƙerawa. Iyaye kuma, Takutaha mai zuwa kada ku saki yara su tafi su kaɗai. Ku hau tare da su, ku tafi da buhun kwashe shara, ku nuna musu gabas da kudu, ku gaya musu cewa garinsu ƙera kaya yake yi kafin ya koma sayar da na wasu.